Yadda Muka Gina Tudun Mayu

Aikin da ya fi ba ni wahala tun da na fara sana'ar nan shi ne wani gini da ba shi da ciki. Ku da kuke ɗora bulo a kan bulo kuna shafa siminti, in kun ga tsohon magini irina sai ku ce aikinmu wasan yara ne, a kwaɓa ƙasa a liƙa. To ku gyara zama. Siminti in ka ha'ince shi yakan rufa maka asiri shekara da shekaru. Ƙasa damina ɗaya take jira ta kai ka gaban alƙali.

A hannun kawuna na koya, Kawu Ilu, wanda shi ne babban magini a Garu, cikin Dutse, a zamanin. Ba a fara ba ka katanga. Kududdufi ake fara tura ka, ka koyi bambanta jar ƙasa mai danƙo da wadda yashi ya yi wa yawa, ka sara da dagi, ka ɗauko a kwando. Daga nan sai kwaɓi. A zuba ruwa, a watsa ramno, wato yankakkiyar ciyawa da kashin doki, ka shiga da ƙafa kana tattakawa har ka daina jin ƙafar taka ce. A bar ƙasar ta ruɓa, a sake kwaɓawa. Sai ka iya wannan za a bar ka ka mulmula tubali, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. Kawu yakan bi su da sanda yana ƙwanƙwasawa. Wanda bai yi masa kukan da yake so ba sai ya take shi ya wuce. Na yi aure har matata ta haihu kafin ya yarda in hau katanga in zauna a kanta kamar mai hawan jaki, ana cillo mini tubali daga ƙasa ina cafewa. Kayan aikinmu ba su taka kara sun karya ba: dagi, fartanya, kwando, tulu, igiya, madaɓi da tsani. Sauran duk hannu ne da ido.

Masu ba da aiki kuwa mun ga iri-iri. Akwai wani mai fataucin dabino da ya sa muka yi ta fasa ƙofar zaurensa muna ƙara mata faɗi saboda raƙuminsa ya ƙi shiga. Sai da ƙofar ta kusa cinye zauren aka gane raƙumin ba ƙofar yake ƙi ba, maigidan yake ƙi. Amma duk cikinsu ba kamar Baturen da zan ba ku labarinsa.

A shekarar da ya zo, damina ta yi mana ƙarya. Turawa ba su daɗe da zuwa ba. Gero ya fito ya tsaya iya gwiwa ya bushe, dawa ko kai ba ta fitar ba. Kafin rani ya yi nisa mutane sun koma cin ganye da tonon gidan tururuwa. In ka bi ta wajen Kafin Hausa sai ka ga ƙauye guda ƙofofi a buɗe, an tafi. Wanda ba shi da abin sawa a tukunya ba ya kiran magini, don haka mu ma muna zaune.

Ana cikin haka wani Bature mai rangadi ya kafa tanti a gindin duwatsu. Muna ce masa Mai Lofe, don ko a kan doki yake lofen tabarsa na bakinsa, sau da yawa ma ba wuta a ciki. Ya aika fada a nemo masa magini. Aka turo wani dogari, Dogari Buba, ya kira Kawu, Kawu ya tafi da ni. Mun ɗauka bariki zai ce a gina masa. Sai ya fito da hoto. Ranar na fara ganin hoto. Kawu ya karɓa ya riƙe shi a juye, tafinta ya gyara masa. Tafintan Malam Audu ne, tsohon soja, mutumin kirki, sai dai in Bature ya yi doguwar magana yakan gajarta ta, in ya yi gajera ya tsawaita.

Abin da ke cikin hoton wani tudu ne na dutse, hawa-hawa, kowane hawa bai kai na ƙarƙashinsa faɗi ba, da matakala a gaba miƙe har sama. A can ƙoli ga wani ɗan ɗaki. Itatuwa sun tsiro ta jikinsa ko'ina.

Mai Lofe ya yi ta bayani, Malam Audu na juyawa. Wai kafin a turo shi ƙasarmu ya yi aiki a wata ƙasa bayan teku, mai kurmi. Wai a cikin kurmin akwai kufan wani babban birni. Mutanen birnin ba su san ƙarfe ba, ba su da jaki ba su da raƙumi, da ka suka ɗauko kowane dutse. Masara ce abincinsu. Sarakunansu suna sa wa kansu sunan damisa, suna sa a sassaƙa kamanninsu a jikin dogayen duwatsu, da wani rubutu da ba wanda ya iya karantawa sai lissafin kwanakin da ke ciki. Ba su da kogi, sai suka haƙa tafkuna suka daɓe su don tara ruwan sama. Daga baya suka watse suka bar birnin, daji ya cinye shi, ba wanda ya san dalili.

Kawu ya ce wa Malam Audu, "Tambaye shi, me ake ajiyewa a ciki?"

Malam Audu ya tambaya ya juyo. "Ya ce babu ciki. Cike yake da ƙasa da duwatsu."

"Ba rumbu ba ne?"

"Ba rumbu ba ne."

"To mutanen a ina suke kwana?"

"Ya ce a bukkoki, a gindinsa."

Kawu ya daɗe yana duban hoton. Can ya ce, "Wace al'umma ce wannan?"

Bature ya cire lofe ya faɗi sunan da bakinsa, a hankali, don mu ji da kyau: "Maya. Maya."

Dogari Buba, wanda yake tsaye a bayanmu, ya ja da baya har ya taka igiyar tanti.

Abin da Mai Lofe yake so shi ne mu yi masa irinsa da ƙasa, ƙarami, da ɗakin a sama inda zai riƙa kwana in ya zo rangadi, wai sauro ba ya hawa can. An ba shi dawa daga Kano ya raba wa masu aikin hanya saboda yunwa, shi kuma ya ga hanyar ba inda za ta gudu. Duk wanda ya yi aiki zai koma gida da dawa. Kawu bai tsaya shawara da kowa ba, ya ce ya karɓa.

Kafin mu isa gida labari ya riga mu. Wai Bature ya zo da hoton garin mayu, kuma Ilu magini ya karɓi aikin gina wa uwarsu, Mayya, ɗaki. Ku 'yan yanzu kuna dariya. A lokacin in aka ce gidanku da maita, ba mai cin abincinku, ba mai neman 'yarku, in yaro ya yi zazzaɓi a unguwa ƙofarku za a zo. Matata ta je ɗibar ruwa, mata suka kwashe tulunansu suka bar mata rijiyar. Surukina ya aiko cewa in ban bar aikin ba zai zo ya ɗauki 'yarsa. Na gaya wa Kawu.

Ya ce, "Ya ɗauke ta ya ba ta me?"

Surukin bai zo ba. Ranar da aka fara haƙa harsashi ma sai ga shi cikin leburori, da laya a kowane dantse.

Harsashin nan shi ya fara koya mini cewa ban iya komai ba. Katanga tana shan iska ta gefe biyu ta bushe. Wannan kuwa tuli ne. In ka cika tsakiyarsa da ɗanyar ƙasa, waje zai bushe ciki na jiƙe, ya kumbura ya tsage. Kawu ya sa aka riƙa jera busasshen tubali a tsakiya ana bi da busasshiyar ƙasa ana daɓewa, kwaɓaɓɓiya sai a baki-baki. A ƙarshen kowane hawa ya shimfiɗa azara a gicciye don ta ɗaure shi, ya karkata daɓen waje, ya dasa indararo. Mai Lofe ya zo ya ga indararo ya ɓata rai, ya zaro hoto yana nunawa.

Malam Audu ya ce, "Ya ce na mutanen can ba shi da indararo."

Kawu ya ce, "Shi ya sa suka tashi."

Malam Audu bai juya wannan ba. Ya yi wa Bature wata doguwar magana, indararo dai ya zauna. Amma a kan matakala Bature ya ci mu. Ya ce sai an yi ta kamar ta hoton, kowane taki tsawon gwiwa, faɗinsa kuma bai isa tafin ƙafa ba sai ka sa ta a karkace. Kawu ya ce ba mai hawa wannan da kaya. Bature ya ce haka suke yi. Muka yi.

Leburori kuwa yunwa ta kawo su, tsoro bai sake su ba. Ba wanda ya yarda ya faɗi sunansa a wurin, kada a kama masa kurwa da shi. In an tambayi mutum sai ya ba da sunan maƙwabcin da ba sa shiri. Wani malami kuma ya gaya musu kada su bari inuwarsu ta faɗa kan ginin. Saboda haka da safe kowa yana yamma da shi, da la'asar kowa ya koma gabas, in rana ta take tsaka inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafa sai su sauka gaba ɗaya su zauna nesa. Kudu da arewa aka bar mana, ni da Kawu da wani kurma da bai ji labarin ba. Gini ya riƙa tashi a karkace kamar doron raƙumi, kullum muna binsa muna cikewa. Ruwa ma da ƙyar, don jakuna sun rame, tulu a ka ake kawowa daga rijiyoyin gindin dutse.

Mun kai rabi sai Dogari Buba ya kwanta da zazzaɓi. Shi ne ya fara baza labarin, yanzu ga shi yana sambatu yana kiran "Maya, Maya." Danginsa suka ɗora shi a kan ƙyaure suka kawo wurin aiki da rana tsaka, da jama'a a bayansu, wasu da sanduna. Kun san al'adar: in ana zargin mutum ya kama kurwar wani, sai a sa shi ya tsallake marar lafiyar don ya sake ta. Yayan dogarin ya ce, "Baba Ilu, ba mu zo da faɗa ba. A tsallaka mana kawai."

Kawu ya sauko daga tsani, ya goge hannunsa, ya tsallaka, ya koma bakin aikinsa. Aka mai da dogari gida. Zazzaɓi ya ƙaru. Suka sake dawowa da shi, suka ce tun da na magini bai yi ba, kurwar tana hannun mai ginin.

Yanzu wa zai gaya wa Bature? Aka taru a kan Malam Audu. Ya sosa gemu, sannan ya tafi tanti ya ce wa Mai Lofe al'adar garin nan ce in gini ya kai rabi, mai ginin ya tsallake marar lafiya don albarka. Mai Lofe mutum ne mai son jin al'adu. Ya taso da murna har yana sauri.

Sai wata gardama ta tashi. Al'ada ta ce mai tsallakawa ya tuɓe wando, kamar yadda Kawu ya yi. Aka tsaya ana duban juna, Bature na tsaye yana murmushi yana jira. Wani dattijo ya matso ya dubi gajeren wandonsa da gwiwoyinsa jajaye a waje, ya ce, "Wannan ai an riga an cire rabi. A bar shi haka." Aka yarda. Mai Lofe ya tsallaka, ya dawo ya sake tsallakawa don kada a ce ya yi rowa. Da ya sunkuya ya ji zafin jikin mutumin sai ya aika aka kawo kwinin ya ɗura masa.

Dogari Buba ya warke. Wannan ya tabbatar wa kowa cewa Bature maye ne. Amma ya tabbatar da wani abu kuma: tun da tsallaken Kawu bai yi komai ba, ashe Kawu ba maye ba ne, mu ma da muke jininsa haka. Mata suka dawo rijiya suna yi wa matata barka. Surukina ya rage layu. Game da Bature kuwa, dattawa suka yanke cewa maye ne mai kunya, in an roƙe shi yana saki, ga shi kuma yana ba da dawa. Daga nan kowace ranar kasuwa sai a jera masa marasa lafiya a gindin ginin, ya bi yana tsallakawa yana raba kwinin, yana gaya wa Malam Audu bai taɓa ganin mutane masu son albarka irin na Dutse ba.

Yaɓen ƙarshe ni na yi shi. Makuba muka jiƙa, ruwan ɓawon ɗorawa, muka kwaɓa da jar ƙasa, na bi kowane hawa da tafin hannu har ya yi santsi yana ƙyalli. Ban taɓa yin yaɓe mai kyansa ba, kuma ba abin da yake karewa sai ƙasa. Ɗakin sama, da yake Bature ya ce a bi awon hoto, gadonsa bai shiga ba sai da aka bar ƙafafu biyu a waje. Kukunsa in ya taso da miya daga ƙasa rabi ke isa. Shi kansa Mai Lofe da baya-baya yake sauka, da hannu da ƙafa, lofe a baki, dogarai na kau da kai. Waɗanda matakalar ta yi wa daidai awaki ne. Duk sanda ya dawo daga rangadi sai an kore su daga ɗakin.

Bai more shi ba. Ruwa ya sauka da kyau a daminar, mutane suka watse gona, Turawa kuma suka fara yaƙi a tsakaninsu aka kira shi. Ranar da zai tafi ya tsaya ya daɗe yana kallon ginin, ya yi magana. Malam Audu ya ce, "Ya ce wata rana itatuwa za su fito a jikinsa, matakalar ta zube, sannan ne zai yi kyau sosai."

Kawu ya ce, "Gaya masa mun gode." Ya juya ya kama hanyar gida.

Ginin ƙasa kowace shekara yana son yaɓe, wannan kuwa ba mai shi. Ɗakin ya fara faɗuwa, matakala ta narke, gara ta ci azara, aduwa da ceɗiya suka tsiro. Kawu ya rasu, Allah ya jiƙansa. Wurin ya koma tudu kawai a tsakiyar gonaki, ana ce masa Tudun Mayu, yara na cewa aljanu ne suka tara shi.

Furfura ta fara fito mini a gemu sai ga wani Bature, malamin makaranta, ya zo hutu. Wannan yana jin Hausa, irin ta littafi. Ya ji sunan tudun, shi ma ashe ya karanta labarin mutanen can na kurmi, sai ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya nemi wanda ya san ƙasa ya shugabanci haƙa, aka turo ni. Na zo da dagi. Ya karɓe ya ba ni cokali da buroshi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, in labarin tudun nan kake so, mu muka gina shi."

Ya ce, "Na'am. Kakanninku."

"A'a. Ni da kawuna."

Ya yi murmushi ya ce ya karanta cewa Hausawa sukan kira magabatansu duka da sunan dangi na kusa. Na kawo masa Dogari Buba, ya tsufa tukuf, don ya yi shaida. Dogari ya rantse cewa wani babban maye ne ya sa aka gina, jan mutum mai fitar da hayaƙi ta baki, wanda yake tsallake marasa lafiya su tashi. Bature ya saurara bakinsa a buɗe, ya ce wannan tatsuniya tsohuwa ce ƙwarai.

Muka yi ta sharar tudu da buroshi. Ya ga hawa-hawa ya yi tsalle. Ya ga ragowar indararo ya ce hanyar zubar da jinin yanka ce. Da muka isa tsakiya ya zaro wani tubali lafiyayye, ya hure shi, ga shatin yatsu huɗu da babban yatsa a jikinsa. Ya kira ni ya ce in dubi hannun mutumin da ya mutu tun kafin a san Kano. Na karɓa na sa yatsuna a ciki. Suka zauna daram, har da karkatar ɗan ƙaramin yatsana da katanga ta taɓa faɗo wa.

Ya dubi hannun, ya dube ni. Na ce to yanzu dai magana ta ƙare.

Ya ce, "Ka gani? Shekaru aru-aru, hannun mutanen ƙasar nan bai canza ba."

Ya sa aka naɗe tubalin da auduga, aka sa a akwati, wai za a kai Ingila a ajiye a gidan da ake tara kayan tarihi, da sunan Dutse a jikinsa. Wannan ne ya dame ni. Tubalin ciko ne, na tsakiya, na shekarar yunwa, ramno bai ishe shi ba don dawakin ma ba su ci sun ƙoshi ba. Da Kawu ya bi ta kansa da sanda da ya take shi. Na bi Baturen har bakin mota ina roƙonsa ya ba ni kwana kaɗan in mulmula masa sabo mai kyau, in dai sunan garinmu za a sa. Ya dafa kafaɗata ya ce na yanzu ba za su taɓa kai na da ba. Direba ya ja mota.